Yadda Ake Auna Zama a Tsakiyar Makka da Tsakiyar Jidda Kafin a Kama Haya

Tsakanin Makka da Jidda bai wuce tafiyar kilomita 70 zuwa 80 ba, gwargwadon unguwar da mutum ya taso da wadda zai sauka, kuma mota takan cinye wannan tazara cikin kimanin awa ɗaya idan hanya ba ta cushe ba. Wannan kusanci ne yake sa Hausawa da yawa mazauna Saudiyya, musamman waɗanda ba su daɗe da samun igama, wato takardar izinin zama, ba ko suke shirin ɗauko iyali daga gida, su ɗauka cewa zaman biranen biyu duk ɗaya ne, illa dai nan akwai Harami, can kuma akwai teku. Lissafin ya fi haka zurfi. Tsakiyar Makka ta yau an tsara ta ne domin baƙon Allah wanda zai yi kwana goma ko wata guda ya koma ƙasarsu, saboda haka kuɗin haya da zirga-zirga da irin shagunan da ke buɗe duk kalandar Ramadan da Hajji suke bi. Tsakiyar Jidda kuwa a kan tashar jiragen ruwa da kasuwa ta tashi, tun lokacin da Halifa Usman ɗan Affan ya mai da garin tashar Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, kuma har yau ciniki ne yake juya ta. Wanda zai zaɓa tsakaninsu ya kamata ya auna su da shekara cikakkiya ta watanni 12, domin gidan da ya yi daɗi a watan Safar yana iya zama abin takaici a watan Zulƙida.

A fara da igama da wurin aiki

Kafin a yi maganar ɗaki da falo, sai mutum ya duba igamarsa ya ga garin da aka fitar da ita da kuma inda kafilinsa, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya yi rajistar aikinsa. Dalilin yana da nauyi. Duk shekara, tun daga ƙarshen Shawwal har a kammala aikin Hajji, jami'an tsaro a shingayen shiga Makka, waɗanda mafi shahara a cikinsu shi ne na Shumaisi da ke kan babbar hanyar Jidda, sukan mayar da duk baƙon ƙasar da ba ya riƙe da ɗaya daga cikin abubuwa uku: igamar da aka fitar a Makka, ko tasrihi, wato takardar izini, na aiki a wuraren ibada, ko tasrihin Hajji. A shekarun 2024 da 2025 an fara aiki da wannan doka ne a ranar 25 ga Shawwal. Ke nan wanda igamarsa ta Jidda ce amma ya kama gida a unguwar Misfala da ke Makka zai iya fita aiki da safe, ya dawo da yamma ya tarar da shinge tsakaninsa da iyalinsa na tsawon makonni. Haka ma wanda yake kwana a Jidda yana aiki a otal ko shago a Makka, dole kamfaninsa ya nema masa tasrihi a kan lokaci. Tarar da aka sanya a 2025 a kan wanda aka kama yana ƙoƙarin yin Hajji ba tare da tasrihi ba ta kai riyal 20,000, bayan tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu idan baƙo ne, kuma wannan ya nuna yadda hukuma ta ɗauki lamarin da zafi.

Akwai kuma kuɗaɗen da bai kamata a saka su cikin ma'auni ba sam, domin garuruwan biyu ba su bambanta a kansu ba. Kuɗin da ake biya a kan kowane ɗan rakiya, wato mata da 'ya'ya, riyal 400 ne a wata tun daga Yulin 2020, saboda haka magidanci mai mata ɗaya da yara uku zai biya riyal 19,200 a shekara ko a Jarwal ta Makka yake ko a Bagdadiyya ta Jidda. Harajin kashi 15 cikin ɗari a kan sayayya ma haka yake. A ware waɗannan gefe guda, a mai da hankali kan abin da yake canzawa idan an canza gari.

Tsakiyar garin da ake magana a kai

Dattawan da suka san Makka da Jidda shekaru 30 da suka wuce sukan ba da shawara da sunayen unguwannin da wasu daga cikinsu yanzu babu su. A Makka, unguwar Shamiyya da ke arewacin Harami an rushe ta domin faɗaɗa masallaci a zamanin Sarki Abdullahi. Dutsen Bulbul da ganuwar Turkawa ta Ajyad da ke kansa sun ba da wuri ga dogon benen agogo wanda aka kammala a 2012 mai tsawon mita 601. Jabal Umar ya koma jerin manyan otal-otal. Sannan aikin sabon titi da gine-gine mai suna Masar, wanda ya miƙe fiye da kilomita uku da rabi daga yammacin gari zuwa dab da Harami, ya ratsa tsofaffin unguwannin da Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma suka daɗe a cikinsu ta wajen Hindawiyya da Shari' Mansur. Abin da ake kira Markaziyya, wato yankin da ke manne da Harami, a yau kusan duka otal ne da shagunan tsaraba. Idan Bahaushe ya ce yana zaune a tsakiyar Makka, galibi yana nufin zoben da ke kewaye da Markaziyya: ƙasan titin Ibrahim Khalil zuwa Misfala da Kudai, ko Jarwal, ko Utaibiyya, ko Zahir, ko abin da ya rage na Shari' Mansur.

A Jidda canjin ya zo ne a dunƙule. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 hukuma ta rushe unguwanni da dama waɗanda ta ce an gina su ba bisa tsari ba, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka fi kowanne tara Hausawa: Sabil, Karantina, Gulail, Petromin, Nuzla Yamaniyya, Kandara da Hindawiyyar Jidda. Mutanen da suka tashi daga nan sun watsu zuwa gabashi da kudancin gari, wasu kuma suka bar Jidda ɗungurungum, kuma kuɗin haya ya tashi a unguwannin da suka tsira saboda masu nema sun yi yawa. Abin da ya rage a matsayin tsakiyar gari shi ne Balad, wato tsohon birni, da maƙwabtansa irin su Bagdadiyya da Sharafiyya da Ruwais. Ita Balad ɗin ma hukumar UNESCO ta saka ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma Ma'aikatar Al'adu tana gyara tsofaffin gidajenta masu tagogin katako, irin su Gidan Nasif, tana mai da wasu gidan tarihi wasu masauki.

Amfanin wannan bayani ga mai neman gida ɗaya ne. Kafin a biya ko sisi, a tambayi baladiyya, wato hukumar gari, ko ofishin dillancin gidaje mai lasisi ko unguwar tana cikin jerin waɗanda za a rushe ko a sake tsarawa, kuma a zaga a duba ko an yi wa bangayen maƙwabta rubutu da fenti ko an fara yanke musu wuta. Idan rusau ya zo, diyya ta mai gida ce. Ɗan haya abin da yake samu shi ne wa'adin kwashe kaya. Haya mai arha fiye da ƙima a unguwar da ke kusa da babban aikin gini abin tuhuma ce, kuma wannan gaskiya ne a biranen biyu.

Kuɗin haya da kalandar Hajji

A nan ne bambanci mafi girma yake, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. A Jidda haya ta shekara ce, ana biya sau ɗaya ko biyu ko huɗu gwargwadon yarjejeniya, kuma abin da aka sa wa hannu a Muharram shi ne zai ci gaba har wata Muharram. A Makka akwai gine-gine masu yawa, musamman a Aziziyya da Shisha da Misfala da Jarwal, waɗanda suke da lasisin saukar da alhazai, kuma masu su sun san cewa abin da za su samu daga hukumomin alhazai cikin makonni kaɗan yana iya kamo ko ya zarce abin da ɗan haya zai biya a sauran shekara. Saboda haka sukan ba da gidan ne da sharaɗin a fita kafin Hajji, wato hayar wata tara ko goma. Kuɗin yakan yi sauƙi a ido, har mutum ya ce ai Makka ta fi Jidda arha, amma sai an ƙara masa abubuwa uku kafin a san gaskiyarsa: hayar wurin da iyali za su fake na tsawon wata biyu a daidai lokacin da kowane ɗaki a garin ya yi tsada, da kuɗin ɗaukar kaya sau biyu, da wurin ajiye firji da gadaje da na'urorin sanyaya ɗaki idan mai gida bai ware ɗakin ajiya ba.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ɗauki takarda a raba ta gida biyu, a rubuta wa kowane gari abin da za a kashe daga Muharram zuwa Zulhajji. A ɗauka, domin misali kawai, an ce wa mutum gidan Makka riyal 15,000 ne na wata goma, na Jidda kuma riyal 20,000 na shekara. Na farko ya kama riyal 1,500 a wata, na biyu kuma kusan riyal 1,670, kuma idan watanni biyun da suka rage tare da jigilar kaya suka ci riyal 5,000, to ragin ya tafi, wahalar tashi ce kawai ta rage a matsayin riba. Ga gwauro wanda kayansa ba su wuce jaka biyu da katifa ba, ko ɗalibin da zai tafi gida hutu a lokacin, wannan tsari yana iya zama alheri. Ga mai iyali da yara 'yan makaranta, ra'ayina shi ne ya nemi gidan shekara cikakkiya ko da zai ja da baya daga Harami, domin tashi sau biyu a shekara yana cin kayan ɗaki, yana kuma cin haƙurin uwargida fiye da yadda alƙalami yake iya rubutawa.

Kowanne aka zaɓa, kada a yarda da yarjejeniyar baka ko takardar da aka rubuta da hannu a shagon dillali. Yarjejeniyar haya a Saudiyya ana yi mata rajista ne a manhajar Ejar, kuma tun daga Janairun 2024 biyan hayar gidajen zama ta hanyoyin Ejar ake yin sa, ba a miƙa kuɗi hannu da hannu. Rajistar ita ce hujjar ɗan haya idan rigima ta tashi, kuma ana buƙatarta a wasu harkokin hukuma. La'adar dillali bisa doka kashi biyu da rabi ce cikin ɗari na hayar shekarar farko, sai dai idan an rubuta wani abu daban, kuma hayar gidan zama ba a ɗora mata harajin sayayya. A Makka a karanta ranar ƙarewar yarjejeniya da kyau, a kuma mayar da ita zuwa kalandar Hijira idan da ta Miladiyya aka rubuta, domin Hajji yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Akwai kuma wata al'ada da ta yaɗu a tsakanin mutanenmu, ta mutum ɗaya ya kama gida da sunansa ya raba ɗakuna ga wasu. Wanda sunansa yake kan takarda shi zai amsa tambaya idan aka samu marar igama a ciki, kuma hukuncin ba wa irin wannan mutum masauki ya haɗa da tara mai nauyi da ɗauri da kora daga ƙasa. Kunyar ɗan'uwa tana da wuyar kaucewa, amma gara a faɗa masa gaskiya tun a bakin ƙofa.

Zafi, ruwa da wutar lantarki

Biranen biyu duk suna da zafi, sai dai kowanne da irin nasa. Makka kwari ce da duwatsu suka kewaye, iskarta busasshiya ce, kuma duwatsun sukan riƙe zafin rana su riƙa sakinsa har cikin dare. A lokacin Hajjin 2024 ma'aunin zafi a Harami ya haura digiri 51. Jidda ba ta cika kaiwa nan ba, amma tururin Bahar Maliya yakan sa gumi ya ƙi bushewa, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, kuma gishirin da ke cikin iska yana cin ƙarfe, yana sa na'urar sanyaya ɗaki da mota su tsufa da wuri. Wanda ya taso a Sakkwato ko Agadas zai fi saurin sabawa da Makka, wanda kuma ya yi zaman Legas ko Kwatano ba zai ga baƙon abu a Jidda ba. Mai ciwon asma ko tsoho mai ciwon gaɓoɓi ya kamata ya kwana a kowane gari a tsakiyar bazara kafin a yanke masa hukunci.

Farashin lantarki ɗaya ne: halala 18 (halala 100 ce riyal ɗaya) a kan kowane kilowat har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30. Abin da yake bambanta takardar wuta shi ne ginin kansa. Bene na ƙarshe wanda rana take dukan rufinsa, da tagogin da suke kallon yamma, da tsohuwar na'urar sanyi ta cikin taga, su ne suke ninka kuɗi. A tambayi mai gadin ginin ko kowane gida yana da mitarsa, domin mitar haɗaka ita ce tushen yawancin rigingimun maƙwabta, kuma a nemi ganin takardar wuta ta watan Yuli ko Agusta ta wanda ya tashi, a tabbatar ba a bar bashi a kan mitar ba.

Ruwan sha na garuruwan biyu galibi daga teku ake tace shi, kuma matatar Shu'aiba da ke kudancin Jidda tana cikin manyan masu shayar da su. A tsofaffin unguwanni famfo ba ya zuwa kullum, ana tara ruwa ne a tankin ƙasa a tura shi na sama, kuma idan ya ƙare sai an kira wayit, wato tankar ruwa. A tambaya sau nawa ake kiranta a wata kuma wa yake biya. A gidajen kan dutse na Makka, inda ake hawa da matakala, wani lokaci tankar ma ba ta iya isa ƙofa, haka nan tukunyar gas da buhun shinkafa a kafaɗa ake hawa da su, kuma motar asibiti a ƙasa take tsayawa. A Jidda matsalar daga ƙasa take tasowa: ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi kusa da sama a tsofaffin unguwanni, yana jiƙa gindin bango, yana tara sauro, kuma zazzaɓin dengi sananne ne a garin tun shekarun 1990. Ambaliyar Nuwamban 2009 ta kashe mutane fiye da 100, ta sake dawowa a Janairun 2011, kuma a Nuwamban 2022 an yi ruwan da ya kai milimita 179 cikin sa'o'i kaɗan. An gina madatsu da manyan magudanai tun bayan 2009, amma duk da haka gidan ƙasa a titi mai kwari abin gudu ne. Makka ma tana da nata, domin ruwan duwatsu ta cikin kwarin yake gangarowa ya nufi Misfala.

Zirga-zirga

Jidda gari ne shimfiɗaɗɗe da ya miƙe tsawon gaɓar teku, mai mutane kimanin miliyan 3.7 a ƙidayar 2022, kuma wanda ba shi da mota yana wahala a cikinsa. Falalar zama kusa da Balad ita ce nan ne ɗaya daga cikin 'yan wuraren da mutum zai iya biyan buƙatunsa da ƙafa, kuma bas-bas ɗin gari da yawa nan suke ƙarewa. Mai mota kuwa ya san cewa wurin ajiyewa a kewayen Balad na kuɗi ne kuma da daddare samunsa aiki ne. Makka, mai mutane kimanin miliyan 2.4, ta samu tsarin bas na zamani tun 2022, mai layuka 12 da suke haɗa unguwanni da Harami a kan riyal 4, kuma wannan ya rage wa mazauna Zahir da Rusaifa da Aziziyya buƙatar matsowa tsakiya. Sai dai a goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin Hajji akan rufe hanyoyin Markaziyya ga ƙananan motoci, kuɗin tasi ya ninka, tafiyar minti goma ta koma ta awa guda. Mai aikin da ake buga masa lokacin shiga ya lissafa wannan.

Jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana haɗa tashar Rusaifa a Makka da tashar Sulaimaniyya a Jidda cikin kimanin rabin awa, sannan ya wuce filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da Madina. Yana da kyau ga ziyarar mako-mako. Ga mai zuwa aiki kullum kuwa, idan aka haɗa kuɗin tikiti da na motar da za ta kai shi tasha da wadda za ta ɗauke shi a ɗaya ɓangaren, ƙaramin albashi ba zai ɗauka ba, shi ya sa yawancin masu wannan zirga-zirga suke haɗa kuɗin mai su shiga mota ɗaya.

Ibada da maƙwabtakar Harami

Babu Musulmin da zai yi musun falalar zama a Makka, kuma hadisi ya tabbata cewa salla ɗaya a Masallacin Harami ta fi salla 100,000 a waninsa. Abin da ya kamata mai neman gida ya sani shi ne malamai sun yi saɓani a kan ko wannan ninki ya taƙaita ga masallacin da ke kewaye da Ka'aba ne ko ya game dukkan ƙasar da ke cikin iyakokin Harami, kuma da yawa daga cikinsu sun tafi a kan cewa ya game. Wanda ya natsu da wannan fahimta ba ya buƙatar ya matse iyalinsa a ɗaki ɗaya a Misfala domin lada, tunda masallacin unguwarsa a Aziziyya ko Zahir ma cikin iyaka yake. Ya kuma kamata mutum ya yi wa kansa adalci: ma'aikacin da yake fita tun asuba ya dawo bayan isha'i sau nawa zai shiga Harami a mako? Da yawa daga mazauna Makka Juma'a ce kawai take kai su, a lokacin cunkoso ma sukan bar wa baƙi wurin.

Mazaunin Jidda yana cikin miƙati, saboda haka daga ɗakinsa yake ɗaura harami idan zai yi Umara, alhali mazaunin Makka sai ya fita zuwa Tan'im, inda Masallacin Nana A'isha yake, kafin ya dawo ya yi ɗawafi. Inda Makka ba ta da na biyu shi ne ga dattijon da ya ajiye aiki, wanda burinsa ya samu salloli biyar a Harami, ya zauna a majalisin karatu tsakanin magariba da isha'i, kuma idan ajali ya zo a sallace shi a gaban Ka'aba. Irin wannan bawan Allah a nema masa gida a shimfiɗaɗɗen wuri kusa da tashar bas, mai lif ko a hawa na farko, ko da kuwa ya fi tsada.

Kasuwa, makaranta da dangi

Ɗan kasuwa mai aika kaya Kano ko Yamai ko Agadas zai fi samun sauƙi a Jidda, domin a nan tashar jiragen ruwa take da filin jirgin sama da kamfanonin dakon kaya, kuma sari yana hannun 'yan kasuwar Bab Makka da Bab Sharif da Kasuwar Alawi da titin Gabil. Ofishin ƙaramin jakadan Nijeriya da na Nijar duk a Jidda suke, wanda ke nufin sabunta fasfo da rajistar haihuwa ba sa buƙatar tafiya. Kifi sabo ana samunsa a babbar kasuwar kifi ta bakin teku. Cinikin Makka kuwa na lokaci ne, yakan cika ya batse a Ramadan da Hajji, sannan ya lafa, kuma kayan masarufi a shagunan Markaziyya farashin baƙi ne, don haka matan gida sukan gangara Utaibiyya ko kasuwar kayan gwari ta Ka'akiyya. A kowane gari, kasuwanci da sunan ɗan ƙasa alhali dukiyar ta baƙo ce laifi ne da hukuncinsa yake kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar.

Makarantun gwamnati ana shiga ne ta manhajar Noor bisa unguwar da yaro yake zaune, kuma gurbin 'ya'yan baƙi yana da iyaka, saboda haka a je makarantar unguwa a tambaya kafin a sa hannu a haya. Makarantun da suke koyarwa da Turanci sun fi yawa a Jidda, yawancinsu kuma nesa da Balad suke, ta arewa. Mai neman ilimin addini yana da Jami'ar Ummul Ƙura da Darul Hadis da darussan Harami a Makka. Maganar asibiti gajeruwa ce: a buɗe takardar inshorar da kafili ya yi, a ga asibitocin da ta ƙunsa, a auna nisansu da gidan.

Sai batun dangi, wanda maza sukan manta da shi saboda su suna fita. Matar da aka kawo daga Katsina ko Maraɗi aka ajiye a bene na huɗu cikin maƙwabtan da ba ta jin harshensu takan yi kwanaki ba ta yi magana da kowa ba sai yara. A Makka har yanzu akwai lungunan da za a ji Hausa a bakin shago, a sami mai tsire da mai fura da masu daddawa da kuka, kuma idan haihuwa ko rasuwa ta zo akwai masu shigowa. A tsakiyar Jidda irin wannan taro ya watse tun bayan rusau, sai an bincika inda mutanen garinku suka koma, kuma sau da yawa amsar ba ta kusa da Balad.

Ziyarar gani da ido

Idan takarda ta nuna garin da ya fi, sai a ziyarci gidan sau biyu aƙalla, ɗaya da azahar domin a ji zafin ɗakunan a kuma buɗe famfo a ga ƙarfin ruwa, ɗaya kuma bayan isha'i, domin biranen Hijaz da dare suke farkawa, kuma lungun da ya yi tsit da rana yana iya zama kasuwa har ƙarfe biyu. A tafi da uwargida idan da hali. A tsofaffin gine-ginen kewayen Balad a ɗaga kai a duba tsagewar rufi da wayoyin wuta da suke rataye, a kuma tabbata matakala ba ta toshe da kaya ba, domin gobara da ruftawar gini sun sha faruwa a irin waɗannan gidaje. A Makka a taka da ƙafa daga ƙofar gidan zuwa tashar bas mafi kusa ana duba agogo, kada a dogara da "minti biyar ne" na dillali, sannan a tambayi mai shagon unguwa, ba mai gida ba, ko an taɓa fitar da 'yan hayar ginin saboda alhazai. A ɗauki hoton kowane bango da mita da bandaki a ranar karɓar mabuɗi, a tabbatar an rubuta kuɗin ajiya a cikin yarjejeniyar Ejar, sannan a sabunta adireshin ƙasa, wato adireshin da mutum ya yi wa rajista da hukuma, da sabon gidan domin saƙonnin hukuma da na banki su riƙa zuwa inda ya kamata.